Yini ɗaya tak a Fiji: a zaga gari ko a miƙe ƙafa a bakin teku?

Abban_Khadija:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa taka Fiji. In Allah ya yarda cikin watan Agusta zan halarci wani taro kan noma da sauyin yanayi a Jami'ar Kudancin Fasifik da ke Suva, kuma tare da uwargida za mu tafi. Ranar Alhamis ake rufe taro, da yamma mota ta kawo mu Nadi inda babban filin jirgin saman ƙasar yake, jirginmu kuma sai Asabar da safe. Ke nan Juma'a ce kaɗai tamu. Ni so nake mu ɗauki shatar mota mu zaga, mu ga kasuwa da ƙauye da gonakin rake. Ita kuwa ta ce ba ta ƙetare rabin duniya don ta sake shiga kasuwa ba, tsibiri take so, ta zauna gindin kwakwa ta kalli ruwa. Wanne ya fi? Ko akwai yadda za a haɗa biyun?

MamanIlham_Sidni:
Wa alaikumus salam Malam. Bi maganar Hajiya kawai, ba za ka yi da-na-sani ba. Mu daga nan Ostireliya tafiyar awa huɗu ce a jirgi, shi ya sa muke leƙawa idan yara sun samu hutu. Ku tashi da wuri ku nufi tashar jiragen ruwa ta Denarau, kamar minti ashirin ne daga cikin Nadi. Wajen ƙarfe tara jiragen ke tashi zuwa tsibiran Mamanuca. Mafi kusa, wanda ake kira South Sea Island, rabin awa ne, kuma ƙanƙane ne ƙwarai, cikin 'yan mintuna za ka zagaye shi da ƙafa.

Abin da ba zan iya kwatanta maka ba shi ne ruwan. Daga bakin gaɓa fari ne tas, kana ganin yatsun ƙafarka da inuwar ƙananan kifaye tana gilmawa a kan yashi. Ka ƙara taku goma ya koma kore-kore, can gaba inda zurfi ya fara sai ya zama shuɗi mai duhu, kuma iyakar kowane launi a fili take. Akwai wani jirgi mai tagogin gilashi a ƙarƙashin ruwa, ana zama a ciki a kalli murjani da kifaye ba tare da an jiƙa ko gefen zane ba. Surukata da ba ta taɓa shiga ruwa ba sai da ta yi ta salati har muka fito.

Injiniya_Habu:
Hajiya Maman Ilham, ki yi haƙuri, ban goyi bayanki ba. Wannan tsibirin an shirya shi ne domin baƙi. Farin yashi da kwakwa akwai su a Zanzibar, akwai a Maldibs, ba sai mutum ya yi tafiyar kwana biyu a sama ba. Abin da babu a ko'ina sai a Fiji shi ne mutanen Fiji, kuma a tsibirin nan waɗanda za ka gani masu yi maka hidima ne kawai.

Malam Abban Khadija, ga yadda na yi tawa ranar lokacin da aiki ya kai ni. Na fara da kasuwar Nadi da sassafe. Mata sun jera gwaza ɗauri-ɗauri da ganyenta, su dalo suke ce mata, ga rogo, ga abarba an fere ta ana sayarwa da sandarta, ga wani sashe guda na busasshiyar saiwar yaqona, wadda suke jiƙawa su sha. Daga nan na bi hanyar birnin Lautoka. Agusta tsakiyar kakar rake ce, za ka yi ta cin karo da manyan motoci an lafta musu rake, da wani siririn layin dogo da ke bin gefen titi, ƙaramin jirgin ƙasa yana jan tarago bayan tarago zuwa masana'antar sukari ta Lautoka, wadda ke aiki tun 1903. Kai da noma ya kai ka ƙasar, ka dawo ba ka ga wannan ba?

A kan hanyar akwai lambun da ake kira Garden of the Sleeping Giant a gindin tsaunukan Sabeto, cike da furannin okid, da inuwa mai sanyi. Kusa da shi akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi da tafkin laka, mutane na shafe jiki da lakar su bushe a rana sannan su wanke. Duk kafin azahar ka gama.

Sadiya_Funtuwa:
Injiniya, wannan jerin da ka zayyano aiki ne ko hutu?

Injiniya_Habu:
Hutu ne mana, Malama Sadiya. Ido ma yana da nasa abincin.

Malam_Nuhu_Zazzau:
Kowa ya tsallake abu guda. Ranar Juma'a ce. Wanda ya bi jirgin ƙarfe tara don ya yini a tsibiri ba ya dawowa sai yamma. To sallar fa?

Matuƙin_Ruwa:
Allah gafarta Malam, ai matafiyi ne, Juma'a ba ta wajaba a kansa. Ya yi azahar da la'asar ƙasaru a tsibirin, yashi mai tsarki ga shi nan shimfiɗe. Na yi shekaru ina aiki a jirgin dakon kaya, haka muke yi. Abu ɗaya zan tuna masa: a Fiji yamma ake fuskanta, a ɗan karkata arewa kaɗan. Wanda ya saba da gida zai juya wa alƙibla baya bai sani ba. Ya duba manhajar waya tun yana otal, don a wasu tsibiran sabis yana rawa.

Malam_Nuhu_Zazzau:
Gaskiyarka, ba ta wajaba ba, ban kuma ce ta wajaba ba. Amma ka duba wata fuskar. Musulmin Fiji ba su wuce kashi 6 cikin ɗari ba. Jikokin mutanen da Turawan Ingila suka kwaso daga Indiya ne tsakanin 1879 da 1916 don noman rake, mutum sama da dubu 60, Hindu da Musulmi, a kan wata yarjejeniyar ƙwadago ta shekara biyar-biyar da ta yi kusa da bauta. A cikin wannan wahalar suka riƙe kalmar shahada, suka kafa ƙungiyarsu ta Fiji Muslim League a 1926, suka gina masallatai da makarantu, har ta kai ranar Maulidi hutu ce ta ƙasa baki ɗaya. Mutum ya zo daga Kano ko Zariya, Allah ya sa Juma'a ta riske shi a garinsu, ya tsaya sahu ɗaya da su, ya gaisa da dattawansu bayan sallama. Ni a ganina wannan ma yawon buɗe ido ne, kuma ya fi kallon kifi.

Abban_Khadija:
Malam Nuhu, wallahi maganar nan ta shige ni. Ban san yawansu ya kai su samu hutun Maulidi ba.

Zainabu_Nas:
Ina karantawa tun ɗazu, maza sun taru suna tsara wa baiwar Allah ranarta. Yaya Abban Khadija, bari in tambaye ka. Ranakun da kake zauren taro, ita tana ina? A ɗakin otal a Suva, garin da ruwan sama ba ya ɗaukewa, tana jiran ka dawo. Kafin tafiyar wa ya shirya kaya, wa ya raba yara gidajen 'yan'uwa, wa ya bar wa kowa abin da zai ci? In kun dawo wa zai ɗora daga inda aka tsaya? Mace ta ce tana son ta zauna yini guda babu mai kiran sunanta, babu tukunya, babu wanki, babu hayaniya. Wannan ba ƙaramar buƙata ba ce, kuma ba kullum muke furta ta ba. Ni aikin dare nake yi a asibiti, na san abin da gajiya ke yi wa jiki da zuciya. Rake kuma akwai shi a Ɗan Hassan da Numan.

Sadiya_Funtuwa:
Allah ya saka miki da alheri Anti Zainabu. Abin da ke bakina ke nan.

Injiniya_Habu:
Malama Zainabu, na ji, kuma maganarki tana da nauyi. Ni dai tsorona kada a kashe kuɗi mai yawa a kan abin da za a manta.

MamanIlham_Sidni:
Ba a mantawa, Injiniya. Tunda an zo maganar mata, bari in faɗa wa Hajiya ta bakin mijinta, kada ta damu da batun sutura. Su kansu 'yan ƙasar da riga da wando suke shiga ruwa, matansu kuma da zanen da suke kira sulu. Turawa baƙi ne ke tuɓewa. Ni da doguwar rigar ninkaya da ɗankwali nake shiga, ba wanda ya taɓa kallona sau biyu. Ta riƙe ƙarin kaya busassu a leda, da takalmin roba mai rufe ƙafa, domin murjani yana yanka kuma ciwonsa ba ya saurin warkewa. Idan za ta gwada tabaran nan mai bututun numfashi, ta karɓi rigar da ke hana nitsewa, ta kwanta rub da ciki a kan ruwan kawai. Akwai wasu 'yan kifaye shuɗaye da ba su kai ɗan yatsa ba, suna taruwa a kan reshen murjani, ka matso su shige ciki gaba ɗaya, ka ja baya su fito. Na daɗe ina kallonsu har bayana ya ƙone.

Zainabu_Nas:
Wannan ƙunar a kula da ita. Kada wani ya ce mu baƙaƙe ne rana ba ta cin mu. Ranar can da hasken da ruwa ke maidowa tana saɓule fata, musamman wuya da kafaɗa da bayan ƙafa. A shafa man kariya, a sha ruwa sosai. Wanda jirgin ruwa ke sa wa jiri ya sha magani kafin a tashi, ba bayan zuciya ta fara tashi ba. Babu zazzaɓin cizon sauro a Fiji, amma akwai zazzaɓin dengi, kuma sauronsa da rana yake cizo.

Baban_Gida77:
Ni dai ina mamaki. Ana fama da tsadar masara da kuɗin makaranta, mu kuma muna nan muna muhawarar wane yashi ya fi laushi. Ba hassada ba ce, amma anya ba almubazzaranci ba ne?

Ɗan_Damagaram:
Baba, aiki ne ya kai shi, ba cewa ya yi zai sayar da gona ya tafi ba. Yini guda ne ya rage masa.

Malam_Nuhu_Zazzau:
Baban Gida, damuwarka a kan hanya take, Allah ya yaye mana. Amma Allah da kansa ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ya fari halitta, yana cikin Suratul Ankabut. Wanda ya ci halalinsa, ya fitar da haƙƙin da ke kansa, ya faranta wa iyalinsa, ba a kiransa mubazzari. Inda matsala take shi ne cin bashi don a ɗauki hoto.

Baban_Gida77:
To Malam, na karɓa. Allah ya sa mu ma mu ga alheri.

Ɗan_Barikin_Soja:
Sunan Fiji ya tuna min da mahaifina, Allah ya jiƙansa. Yana cikin sojojin Najeriya da suka je aikin kiyaye zaman lafiya a kudancin Lebanon, wanda aka fara a 1978, kuma bataliyar Fiji na can a lokacin. Har ya tsufa yana ba mu labarinsu: ƙarti majiya ƙarfi, ga fara'a, ga waƙar coci da daddare da murya mai daɗi. Ya ce in sun zauna shan wani jiƙo nasu sai su yi ta tafi. Malam Abban Khadija, in ka haɗu da dattijo a ƙauye ka ambaci Lebanon, da wuya a rasa wanda ya je ko ɗan'uwansa ya je.

Matuƙin_Ruwa:
Amin. Jiƙon nan shi ne yaqona da Injiniya ya gani a kasuwa, wasu na ce masa kava. Kuma lallai a yi maganarsa, domin in dai ƙauye za a shiga sai an gamu da shi. Ba a faɗa wa ƙauyen Fiji haka kawai. Baƙo yana zuwa da ɗaurin saiwar ya miƙa wa mai gari, su sevusevu suke kiran wannan gaisuwar, kamar dai yadda ba ka zuwa neman iri wajen manya hannu rabbana ba goro. Sai a daka saiwar, a tace ta da ruwa a wani babban akushi mai ƙafafu, tanoa, a ɗebo a ɓawon kwakwa a miƙo maka. Ka tafa sau ɗaya, ka ce bula, wato gaisuwarsu, ka shanye a tashi guda, ka tafa sau uku. Ruwan launin ƙasa ne, ɗanɗanonsa ƙasa-ƙasa da ɗan yaji, kuma nan take harshe da leɓe su yi nauyi.

Sauran ladubban: a cire hula da tabarau, a rufe kafaɗa da gwiwa, a tuɓe takalmi a ƙofa, kada a taɓa kan kowa ko da yaro ne, kada a tsaya tsaye a kan mutane suna zaune.

Ɗan_Damagaram:
Hula ma? To mu da cire hula gaban manya ne rashin kunya?

Matuƙin_Ruwa:
Hula ma. A wajensu mai gari ne kaɗai ke da wannan. Ɗankwalin mace kuwa ban ga an yi magana ba, sun saba da maƙwabtansu Musulmi.

Sadiya_Funtuwa:
Tsaya tukuna. Abin da ke sa harshe nauyi, ya halatta a sha?

Matuƙin_Ruwa:
Babu giya a ciki ko ɗigo, ba a tsima shi, a gabanka ake haɗawa. Ni na sha ƙoƙo ɗaya don girmama masu gida, hankalina bai gusa ba.

Malam_Nuhu_Zazzau:
Ba a giya kaɗai hukuncin ya tsaya ba. Hadisi ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Abin tambaya shi ne, wanda ya kwana yana sha, me ke samunsa?

Matuƙin_Ruwa:
Jiki ya mutu, ƙafa ta yi nauyi, barci ya kwashe shi. Ba ya faɗa, ba ya zage-zage. Amma na ga waɗanda suka mayar da shi abin kullum, fatarsu ta bushe tana ɓarewa, safiya kuma ba ta da amfani a wajensu.

Malam_Nuhu_Zazzau:
To ni a nan zan tsaya: barinsa ya fi kusa da tsentseni. Ba fatawa nake bayarwa ba.

Dr_Larai_Okland:
Ina zaune a Niyu Zilan, kuma yawancin waɗanda muke salla da su a unguwarmu 'yan asalin Fiji ne. Su ma kansu ba bakinsu ɗaya ba a kan yaqona, wasu na sha wasu ba sa kusantarsa. Abin da zan tabbatar shi ne ba dole. Ka kai ɗaurin saiwar a matsayin gaisuwa, in an miƙo ƙoƙon ka buɗe tafin hannu ka ce vinaka, wato na gode, ka gaya wa jagoranku tun a mota cewa addini ne ya hana. Mabiya wasu coci-coci ma ba sa sha, don haka ba baƙon abu ba ne.

Inda za a fi lura shi ne abinci. Akwai gashin rami da suke kira lovo: a ƙona duwatsu, a jera nama da kifi da gwaza da rogo a naɗe cikin ganye, a rufe da ganyen ayaba da ƙasa. Yana da daɗi, amma sau da yawa da naman alade a rami ɗaya, romon wannan yana zuba kan wancan. A tambaya kafin a ɗiba. A cikin Nadi da Lautoka gidajen abinci na halal ba sa wuyar samu. A tsibiri kuwa a tsaya kan kifi da kayan marmari. Ku gwada kokoda: ɗanyen kifi ne ake yankawa ƙanana, a jiƙa da lemun tsami har ya yi fari, a zuba madarar kwakwa da albasa da tumatir da barkono. Da sanyinsa ake ci.

Ɗan_Damagaram:
Ɗanyen kifi? A'a Dakta, wannan na bar muku.

Abban_Khadija:
Na gode ƙwarai, kowa da kowa. Na karanta wa uwargida saƙon Malama Zainabu, ta ce in isar da gaisuwa da addu'a. Gaskiya ban kalli abin ta wannan fuskar ba sai yanzu. Amma ita ma da ta ji maganar Malam Nuhu ta ce ba ta so ta zama sanadin da zan rasa Juma'a a wurin da mai yiwuwa ba zan sake zuwa ba. Shin babu bakin teku mai kyau da ake zuwa da mota, mu yi salla sannan mu wuce?

MamanIlham_Sidni:
Akwai, amma kada ku yaudari kanku da na kusa. Yashin Denarau da na Wailoaloa mai duhu ne, ruwan ma ba garau ba, domin wurin asalinsa fadama ce ta itatuwan bakin teku. Wailoaloa daɗinsa faɗuwar rana kawai, tunda yamma yake kallo. Mai kyan shi ne Natadola, kusan awa guda kudu da Nadi. Sai dai lissafa: a sauko Juma'a, a ci abinci, a kama hanya, kun isa wajen uku, rana kuma tana faɗuwa wajen shida a watan Agusta. Awa uku ke nan. Taura biyu ba ta taunuwa, Malam.

Dr_Larai_Okland:
To me zai hana a juya tsarin? Hanyar da za ta kawo ku daga Suva, wato Queens Road, ta gefen teku take bi, kusan kilomita 190, kuma Natadola da Sigatoka duk a kanta suke. Maimakon ku wuce Nadi ranar Alhamis, ku sauka a wani masauki a wannan gaɓar ku kwana. Bayan asuba Hajiya ta samu tekunta tun babu kowa, lokacin da iska ba ta taso ba. Wajen sha ɗaya ku kama hanya, ku riski Juma'a a Nadi, da yamma Malam ya ga rakensa a hanyar Lautoka. In da hali ku leƙa tuddan yashi na Sigatoka, wurin da aka fara ayyanawa gandun ƙasa a Fiji a 1989. Iska tana tone fasassun tukwane da ƙasusuwan mutanen farko da suka zauna wurin fiye da shekara dubu biyu da suka wuce.

Matuƙin_Ruwa:
Shawarar Dakta ta yi, amma a duba jadawalin cikowa da janyewar teku na ranar. Sau biyu yake cika sau biyu yake ja a kwana guda. A yawancin gaɓar nan in ya ja sai ka ga fili na duwatsun murjani har nesa, ruwa iya idon sawu, babu wanka. Natadola ya fi sauran a wannan, amma shi ma yana da igiya mai ja a wasu wurare. Wanda bai iya ruwa ba kada ya wuce ƙugu. Masu otal suna da jadawalin, tambaya kawai za a yi.

Zainabu_Nas:
Ni har yanzu ina ganin an rage mata. Ta ce yini, an ba ta hantsi.

Sadiya_Funtuwa:
Kuma tsibiri ta ce, inda ruwa ya kewaye ta ko'ina.

Injiniya_Habu:
Viti Levu ɗin ma, inda Suva da Nadi suke, ai tsibiri ne, Malama Sadiya, girma ne kawai ya yi. Ƙasar tsibirai sama da 300 ce, kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke da mutane.

Wani abu da nake so Malam ya sani ko ina ya zaɓa. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙasar Fiji mallakar dangogin 'yan asalin ƙasar ce, iTaukei, ba a sayar da ita, haya ake bayarwa. Yawancin otal-otal ɗin nan da gonakin rake a kan ƙasar haya suke. Wanda ke kaɗa maka jita a bakin jirgi yana iya zama ɗan dangin masu wurin. Kuma wurin nan mai kyau a hoto yana shan wuya. Guguwar Winston ta Fabrairun 2016 ta kashe mutum 44 ta rushe dubban gidaje. Ƙauyen Vunidogoloa a tsibirin Vanua Levu sai da aka tashe shi gaba ɗaya a 2014 aka mayar da shi kan tudu, saboda teku ta cinye musu gari. Direban da ya zaga da ni ya nuna min makarantar da aka sake ginawa bayan guguwar, ya tsaya ya yi shiru kafin ya ci gaba da tuƙi. Irin wannan ba a jin sa a kan kujerar bakin ruwa.

MamanIlham_Sidni:
Ana ji, Injiniya, in an tambaya. Matar da ta yi wa Ilham kitso a tsibiri ta ba ni labarin daren guguwar tun daga farko har ƙarshe, yadda suka kwana a coci da yara. Zama wuri ɗaya shi ke kawo hira. Mai gudu daga nan zuwa can gaisuwa kawai yake samu.

Hamza_Agadas:
Gargaɗi ɗaya daga wanda abin ya faru da shi. A titin kasuwa wani ya tare ni da fara'a, ya tambayi ƙasata da sunana. Kafin in ankara ya zaro wani takobin katako ya fara sassaƙa sunan a jiki, sannan ya ce sai na biya tunda ba mai sayensa kuma. Haka wani direban tasi ya kai ni shagon tsaraba da ban ce ya kai ni ba. Mutanen ƙasar masu kirki ne ƙwarai, amma irin waɗannan ba a rasa su inda baƙi ke taruwa. A yi ciniki da direba kafin a shiga, a faɗi wuraren da za a tsaya.

Ummu_Sultan:
Don Allah ku ɗan koma baya, ni tambayata daban. Da fasfon Najeriya yaya ake shiga? Kuma ta ina ake bi?

Dr_Larai_Okland:
Fiji ba ta neman biza daga mai fasfon Najeriya kafin ya taso, a filin jirgi ake buga masa izinin ziyara, in ya nuna tikitin komawa da inda zai sauka. Wahalar tana hanya. In tikitinki ya bi ta Sidni ko Birisben, sai kin nemi bizar yada zango ta Ostireliya tun daga gida, ko da ba za ki fita daga filin jirgin ba. Shi ya sa wasu ke bi ta Singafo, daga can akwai jirgin Fiji Airways kai tsaye zuwa Nadi. Ki tabbatar da ƙa'idar kowace ƙasa da za ki ratsa kafin ki biya kuɗin tikiti. Kuma Fiji tana gaban Najeriya da awa 11, kwanakin farko barci zai riƙa zuwa da rana tsaka.

Zainabu_Nas:
Wannan ma hujja ce a wajena. Jikin da bai gama daidaita da agogo ba, ga doguwar tafiyar komawa washegari, ba yawo yake buƙata ba.

Malam_Nuhu_Zazzau:
Abban Khadija, in kun bi tsarin Dakta Larai, ka je masallaci da wuri. Wa'azin kafin huɗuba da harshensu za ka ji shi, amma dattawan suna jin Turanci, kuma mafi yawansu Hanafawa ne, kada ka yi mamakin ganin ɗan bambanci a salla. Ka tambaya ko akwai sashen mata kafin ranar, don Hajiya ta san inda za ta zauna.

Injiniya_Habu:
Jirgin Asabar ɗin ƙarfe nawa ne? In bai yi sammako sosai ba, kasuwar Nadi ranar Asabar ta fi cika, tun da duhu mutanen ƙauye ke sauke kaya, kuma daga can zuwa filin jirgi bai fi minti ashirin ba. Sai a bar wa Hajiya Juma'arta.

Abban_Khadija:
Bari in duba tikitin, Injiniya. Maman Ilham, uwargida na tambaya ko jirgin mai tagogin gilashi yana cikin kuɗin tafiyar ko daban ake biya.